Tambaya da Amsa: Ina Katin Wutar Gidanmu Yake Tafiya?

Mafi yawan wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan kuɗin wuta da na gas suke magana, saboda haka muka zaɓi shida waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da dama, muka taƙaita su ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba. Lissafin da za a gani a ƙasa an gina shi ne a kan farashin 'yan rukunin A a Najeriya, masu layukan da aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, kamar yadda aka tsayar da shi a watan Yulin 2024, wato naira 209.50 kowane yunit, wanda yake komawa kimanin naira 225 idan aka ɗora masa harajin kashi 7.5 cikin 100. Wanda yake wani rukuni ko wata ƙasa sai ya duba rasit ɗin katinsa, ya sa nasa farashin a gurbin wannan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Kano, mu tara ne a gida har da yara. A da katin naira 20,000 yakan kai mu ƙarshen wata, amma yanzu ba ya wuce kwana goma. Na hana yara barin caja a jikin soket, ina bin ɗakuna ina kashe fitilu, amma ban ga wani canji ba. Abin da muke da shi shi ne ƙwan fitila takwas na zamani, fanka uku, firiza, talabijin da dikoda, dutsen guga, sai hitar da nake ɗumama bokiti huɗu na ruwan wankan 'yan makaranta da na surukata kullum da asuba, rani da damina. Anya mitarmu ba ta lalace ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lissafin da kika kawo da kansa ya nuna cewa mitarki lafiyarta ƙalau. A ranar 3 ga Afrilun 2024 ne hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, kafin daga baya a ɗan rage shi. Kafin ƙarin, naira 20,000 tana sayen yunit kusan 270, yanzu kuwa 89 take saya. Idan kika raba 270 a kan kwana 30, kika kuma raba 89 a kan kwana 10, duka biyun za su ba ki yunit tara a rana. Cin wutar gidanki yana nan yadda yake, kuɗin yunit ne ya ninka sau uku, saboda haka abin da ya rage a hannunki shi ne gano inda yunit taran nan suke shiga.

Hanyar ganowa ba ta da wuya. Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa, ko a ƙasansa ko a bayansa, da harafin W a gefenta, wadda take nuna wat nawa yake ja. Ki ninka wannan lamba da yawan awannin da yake yi a kunne, ki raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da ya ci. Fitilunki takwas, idan kowace wat 10 ce kuma suna awa shida a kunne, duka-duka rabin yunit suke ci. Talabijin da dikoda ba su kai rabin yunit ba. Cajin waya ɗaya kullum har tsawon wata guda bai kai yunit ɗaya ba, cajar da aka bari a soket babu waya a jikinta kuwa abin da take ja bai isa a ambata ba. Ƙoƙarin da kike yi abin yabo ne, sai dai ya yi kama da na mai tsince ƙwayar gero a ƙasa alhali buhun yana zuba ta gindi.

Ga inda zubar take. Hitar ruwa mai wat 1,500 idan ta yi awa biyu a kunne ta ci yunit uku, wato kimanin naira 675 tun kafin yara su fita makaranta. Fankar silin ta gargajiya tana jan wat 70 zuwa 75, uku daga cikinta a awa 12 sun ci yunit 2.7. Firiza takan ci yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, dutsen guga kuma yakan ci kusan yunit ɗaya a kowace awa ta aiki. Ƙa'idar da nake so kowane mai karatu ya riƙe ita ce, duk abin da aikinsa zafafawa ne ko sanyayawa shi ne yake cinye kati, sai kuma abin da yake kwana yana juyawa.

Ki fara da hitar. Bokiti mai lita 20 ba ya buƙatar ko rabin yunit kafin ya kai ɗumin wanka, saboda haka bokitai huɗu bai kamata su kai yunit biyu ba. Ragowar tana tafiya ne a lokacin da aka bar ruwa yana tafarfasa, tururi yana tashi, ke kuma kina kicin kina haɗa karin kumallo, sannan a zo a sirka shi da ruwan sanyi har a zubar da wanda ya yi saura. Ki cire hitar da zarar ruwan ya yi ɗumi, ki rufe bakin bokitin da faranti ko murfi yayin da take aiki. Wanda wankansa zai iya komawa yamma, baƙar jarka da aka cika aka ajiye a rana tun hantsi ta wadatar da shi ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ina kuma roƙonki da ki ja wa yara kunne kada kowa ya sa hannu a ruwa don jin ɗuminsa sai an zare hitar daga soket, domin wannan na'ura ta yi sanadin rayuka.

Game da fanka, ita ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa ta hanyar busar da gumi, don haka fankar da take juyawa a ɗakin da babu kowa asara ce tsantsa. Idan ɗaya ta lalace, ki nemi sabuwar samfurin nan mai jan kimanin wat 30. A awa 12 kullum za ta rage miki yunit 16 a wata, kusan naira 3,600, kuma a hankali za ta mayar da bambancin kuɗinta. Guga kuma a tara ta a yi ta a zama ɗaya, a bar kayan da ba sa son zafi sosai zuwa ƙarshe, a goge su da ragowar zafin dutsen bayan an zare shi.

TAMBAYA: Ni magidanci ne a Sakkwato. Ɗakina yana saman bene, kuma da bazara ba ya kwantuwa sai da esi. Tawa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ce, nakan sa ta a kan 16 domin ɗakin ya yi saurin sanyi, ta kwana a haka. Kuɗin katin da nake saya daga Maris zuwa Mayu ya kusa kai kuɗin cefanen gida. Akwai mafita ban da haƙura da ita?

AMSA: Akwai, Malam, kuma ba zan ce ka haƙura da ita ba, domin wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san barci a saman bene ba ƙaramin abu ba ne. Na'ura irin taka tana jan kimanin wat 1,200 idan kwamfiresarta tana aiki. Idan ta kwana awa takwas ba ta huta ba, ta ci yunit tara zuwa goma, sama da naira 2,000 a dare ɗaya, sama da naira 60,000 a wata. Ita kaɗai ta fi duk gidan Hajiyar da ta yi tambaya ta farko cin wuta.

Lambar da kake sawa da rimot ba ta ƙara wa iskar da take fitowa sanyi, ba ta kuma sa ɗaki ya yi saurin sanyi. Aikinta kawai shi ne ta gaya wa na'urar lokacin da za ta tsaya ta huta. Idan ka sa 16 a ɗakin da bangonsa ya wuni yana shan rana, ɗakin ba zai taɓa sauka zuwa 16 ba, saboda haka kwamfiresa ba za ta tsaya ba har asuba. Idan ka sa 25 ko 26, ka haɗa da fanka a hankali, ɗakin zai kai wannan mataki, na'urar ta riƙa tsayawa tana tashi, jikinka kuma ya ji sanyin da ya ishe shi barci. Ƙasar Indiya, wadda zafinta bai gaza namu ba, ta wajabta wa kamfanoni tun daga 1 ga Janairun 2020 su fito da sababbin na'urori a saite a kan 24, kuma hukumarta mai kula da tsimin makamashi ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kimanin kashi 6 cikin 100 na wutar da ake ci. Rimot ɗinka yana da agogon kashe kai, ka saita shi ya kashe na'urar wajen ƙarfe uku na dare, fanka ta ƙarasa sauran.

Sai ka buɗe murfin gaban na'urar ka zaro ragar da take tace iska. Bayan hunturu za ka iske ta ta yi kauri da ƙura kamar an shafa mata ƙasa, iska ba ta ratsa ta sai da ƙyar. Wanke ta da ruwa duk bayan mako biyu aiki ne na minti goma. Injin da yake waje shi ma yana buƙatar inuwa da sararin fitar da zafi, domin wanda aka matse a lungu ko aka kafa a bangon yamma yana shan ranar la'asar yana wahala ninki, wahalarsa kuma a katinka take fita. Ka duba ƙasan ƙofa da gefen tagogi da ramin da bututun na'urar ya bi ta bango, ka toshe duk inda hasken waje yake leƙowa.

Babbar matsalarka dai tana bisa kanka. Kwanon rufi yakan haura digiri 60 da tsakar rana, zafin ya taru tsakaninsa da silin, ya riƙa sauko maka har tsakar dare. Magabatanmu da suka gina soro da tubali da azara sun magance wannan da kaurin ƙasa, wadda take jinkirta shigar zafi, da ƙananan tagogi da inuwar itace a tsakar gida. Mun koma bulo da kwano ba tare da mun nemi abin da zai maye gurbin wancan kauri ba, kuma a ganina nan ne asalin tsadar sanyaya gidajenmu. Gyaran da zai yiwu a gidan da aka riga aka gina shi ne a buɗe ƙofofin iska a ƙarƙashin rufi domin zafin ya samu mafita, a shimfiɗa abin tare zafi a bisa silin, a shafa wa kwanon farin fenti, a kuma yi wa tagar yamma rumfa daga waje, domin tare rana kafin ta taɓa gilashi ya fi labule amfani nesa ba kusa ba. Darbejiyar da aka dasa yau a yammacin gida za ta fara biyan kuɗin ruwanta cikin 'yan shekaru.

Akwai kuma na'urar nan da ake zuba wa ruwa tana hura iska mai sanyi. Wutar da take ja ba ta wuce ta fanka ɗaya ko biyu ba, kuma a Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe, tana aiki sosai muddin an bar taga a buɗe. Da zarar iskar damina ta fara kaɗawa amfaninta ya ragu ƙwarai, don haka kada ka saye ta da niyyar ta ɗauke ka shekara.

TAMBAYA: Ina sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a Zariya, da firiza ɗaya ta gwanjo. Wata maƙwabciyata ta ce in riƙa kashe ta da dare domin in rage kuɗin wuta. Shin wannan dabara ce mai kyau?

AMSA: Malama, ban ba ki wannan shawara ba. Firiza tana da na'urar da take kashe kwamfiresa da kanta idan sanyi ya kai, kuma dare ne lokacin da aikinta ya fi sauƙi saboda gari ya yi sanyi kuma babu mai buɗe ta. Idan kika kashe ta, abin da ke ciki zai fara saki, da safe kuma ta sake yin aikin daga baya cikin zafin rana. Abin da za ki rage kaɗan ne, kunun aya kuwa ba ya jure sauyin sanyi, asarar roba ashirin da suka yi tsami ta fi ribar kashewar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki san kuɗin wutar da ke cikin kayan sana'arki. Mayar da lita ɗaya ta ruwa ƙanƙara yana cin kimanin kashi ɗaya cikin goma na yunit, saboda haka lita 30 a rana sun ci yunit uku, kusan naira 700, ban da abin da firizar take ci don riƙe sanyinta. Mata da yawa suna lissafa sukari da zoɓo da leda su manta da wannan, kuɗin ya riƙa fita daga katin gida, a yi zaton ana cin riba alhali maigida ne yake cike giɓin. Ki sa shi a farashinki, musamman da azumi lokacin da ƙanƙara take daraja.

Kada ki sa zoɓo a firiza da ɗuminsa. Ki dafa shi da yamma, ki bar shi a rufe ya huce sarai, sannan ki ƙulla ki jera. Ruwan ƙanƙara kuma ki ɗebo shi daga randa, kada ki tara daga tankin da ya wuni a rana. Ki gwada robar bakin murfin da takarda: ki sa takardar a baki ki rufe, sannan ki ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi yana fita ta wurin, kuma canza robar ba shi da tsada. Ki yi gwajin a kowane gefe, domin firizar gwanjo takan saki ne ta kusurwa. Ƙanƙarar da take taruwa a bangon ciki idan ta kai kaurin yatsa tana hana sanyi isa ga kaya, sai a kwashe kayan a bar ta ta narke, amma kada a sa wuƙa a fasa ta, domin nan ne ake huda bututun gas. Ki janye firizar daga bango kamar tsawon tafin hannu, ki raba ta da murhu da hasken rana, kuma kada ki lulluɓe gefunanta da zani, domin yawancinsu ta jikinsu suke fitar da zafi.

Tumatir da tattasai da alayyafo ba sai sun shiga firji ba. Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da yake bushewa daga yashin shi ne yake janye zafin, kuma kayan miya sukan yi kwanaki a ciki ba su yanƙwane ba. Sai dai sanyinta bai isa ajiye nama ko kunun aya ba.

TAMBAYA: Mu shida ne a gidan haya da mita ɗaya, kowa yana ba da kuɗi daidai da na kowa. Ni fitila biyu da fanka kawai gare ni, amma akwai mai firiza, akwai mai girki da rishon lantarki. Kullum rigima ake yi. Wani ya ce ya san mai gyaran wuta da zai zagaye mana mitar mu huta.

AMSA: Ɗan'uwa, ka nisanci wannan shawara ta ƙarshe. Zagaye mita sata ce a shari'a da dokar ƙasa, tararta tana da nauyi, kuma wayar da aka haɗa a ɓoye ba tare da abin da zai katse ta idan ta yi zafi ba tana cikin abubuwan da suke haddasa gobara a gidaje da kasuwanni.

Ƙorafinka dai yana kan gaskiya. Fitila biyu da fanka ɗaya ba su wuce yunit ɗaya a rana ba, rishon lantarki mai wat 1,500 kuwa yana cin yunit uku a girkin awa biyu. Raba kuɗi daidai a irin wannan hali zalunci ne ko da ba a yi niyyarsa ba. Mafita ita ce ƙaramar mita a layin kowane ɗaki, wadda ƙwararren mai aikin wuta zai ɗaura a bayan mitar kamfani ba tare da ya taɓa ta ba. Duk ƙarshen mako a karanta lambobin a gaban kowa, a rubuta a littafi, kowa ya biya abin da ya ci. Injin jan ruwa da fitilar tsakar gida su ne za a raba bisa yawan mutanen kowane ɗaki. Injin nan ma a lura da shi, domin mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wat 750 ko fiye, kuma a gidan haya sau da yawa ba a tuna da shi sai an ji tanki yana ambaliya. Akwai makunni mai yawo a kan ruwa wanda yake kashe injin da kansa idan tanki ya cika.

Kafin ku kashe kuɗi, ku yi gwaji ɗaya da rana tsaka. Kowa ya kashe komai ya zare daga soket, sannan ku tsaya gaban mitar ku dubi ɗan jan hasken da yake ƙyaftawa. An rubuta a jikin mitar ƙyaftawa nawa ne yunit ɗaya, a wasu 1,000, a wasu 1,600. Idan an kashe komai amma yana ci gaba da ƙyaftawa, to ko dai wata waya tana yoyo a cikin bango, ko kuma wani ya ja layi daga naku. Ku kuma karanta rasit ɗin kati, domin idan akwai tsohon bashi a kan gidan, ana cire wani kaso daga duk kuɗin da kuka saka. Idan kuna da ja a kan bashin, ku rubuta ƙorafi zuwa ofishin kamfanin, ku riƙe kwafi, idan kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba ku kai gaban hukumar da take kula da harkar lantarki a jiharku.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake rubutowa. Tun lokacin da aka yanke wutar da take zuwa mana daga Najeriya a 2023 na sayi inbata da batura biyu masu ruwa. Yanzu wuta ta daidaita, amma takardar kuɗin wutata ta fi ta da nauyi. Na ɗauka inbata tana rage kuɗi.

AMSA: Malam, inbata ba ta samar da wuta, ajiya take yi, kuma ajiyar tana da lada. Batir mai ruwa idan aka zuba masa yunit goma ba ya mayar da fiye da takwas, inbatar kuma tana cin nata kason wajen juya wutar, ban da wat 20 zuwa 50 da take ja dare da rana muddin tana kunne ko da babu abin da aka jona mata. A ƙarshe cikin yunit goma da ka biya, kimanin bakwai ne suke isa ga fankarka da fitilarka. Duk da haka ta fi janareta sauƙi, domin ƙaramin janareta ba kasafai yake fitar da yunit biyu daga litar fetur ɗaya ba. Ka raba kuɗin lita ɗaya gida biyu, ka kwatanta da kuɗin yunit a takardarka, za ka ga tazarar, ko da sefa ka yi lissafin ko da naira.

Abin da zai mayar da inbatarka mai rage kuɗi shi ne farantan sola. A yankinku da arewacin Najeriya, faranti mai wat 400 yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, huɗu kuma suna ba da shida zuwa takwas. Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya sai ka fara rage cin gidanka, domin canza fanka uku zuwa masu wat 30 yana rage kusan abin da faranti guda yake samarwa, yana kuma rage nauyin da batura suke ɗauka da dare. Bayan an kafa su, a mayar da manyan ayyuka irin su jan ruwa da guga da daskarar da ƙanƙara zuwa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da wutar take zuwa kai tsaye daga rana ba ta bi ta batir ba. A riƙa wanke farantan da sassafe a lokacin hunturu, domin ƙura tana rage ƙarfinsu ƙwarai. Baturan kuma kada a bari su sauka ƙasa da rabi, a riƙa duba ruwansu ana cikawa da tataccen ruwan batir, domin mutuwar batir da wuri ita ce asara mafi girma a wannan harka.

TAMBAYA: Ni amarya ce a Gombe. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ba ta yi mana wata guda, alhali mu biyu ne kawai. Me nake yi ba daidai ba?

AMSA: Allah ya ba da zaman lafiya, amarya. Ki fara tabbatar da cewa gas ɗin ba ya yoyo: ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a kan tukunyar da mahaɗar tiyo ta sama da ta ƙasa, idan kika ga kumfa tana tasowa ki rufe nan take, ki buɗe tagogi, ki kira mai gyara. Nauyin tukunyar ba tare da gas ba yana rubuce a jikinta, saboda haka a auna ta a gabanku bayan an cika, a ga ko ƙarin ya kai kilo 12.5.

Idan waɗannan biyun lafiya suke, sauran yana wajen girki. Ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar da aka sa masa, don haka da zarar tukunya ta tafasa ki rage wuta ki rufe da murfi. Harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya, kuma ya kasance shuɗi, idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya to ramukan kan rishon sun toshe, suna son a goge su. Ki yanka albasa ki jajjaga kayan miya kafin ki kunna, ki jiƙa wake tun dare. Ganda da ƙafar saniya da wake su ne masu shan gas, kuma tukunya mai riƙe tururi, wadda zafin cikinta yake kaiwa kimanin digiri 120, tana dafa su a ƙasa da rabin lokacin da tukunyar yau da kullum take ɗauka. Shinkafa kuma idan ruwanta ya kusa tsotsewa ki kashe wutar, ki bar ta a rufe minti goma ba tare da kin ɗaga murfin ba, za ta ƙarasa nuna da tururinta.